Me ya sa jiragen kayana ba sa makara a cikin manhajar kwaikwayo?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, ina karatun sufuri da jigilar kaya. Na zana layin dogon Kano zuwa Maradi a cikin wata manhajar kwamfuta mai kwaikwayon aikin ba jirage hanya, na sa jiragen fasinja da na kaya. Abin da ya dame ni shi ne jiragen kayana kullum a kan lokaci suke tashi, a kan lokaci suke isa, kuma zuciyata ta ba ni ba haka abin yake a zahiri ba. Da na ce bari in sa musu jinkiri, sai layin ya cushe gaba ɗaya, jirage suka yi cirko-cirko, ba mai gaba ba mai baya. Yaya ake tsara jadawalin jirgin kaya ya yi kama da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. In na fahimce ka da kyau, abu biyu kake tambaya: me ya sa jadawalinka ya yi kyawun da ya wuce gaskiya, kuma me ya sa da ka ɗan taɓa shi ya wargaje. Tushensu ɗaya ne. Ka ɗauki jirgin kaya tamkar jirgin fasinja ne da aka rage wa gudu, ka rubuta masa ƙarfe kaza na tashi da ƙarfe kaza na isa, ka bar shi. Jirgin fasinja agogo ne ke tayar da shi ko da kujerunsa babu kowa. Jirgin kaya kuwa ba ya motsawa sai kaya sun hau, takardu sun fito, inji ya samu, direba ya huta. Na yi shekaru ina aikin ba da hanya a wani layi guda a nan Afirka ta Yamma, inda mai zuwa da mai dawowa duk a kan dogo ɗaya suke, kuma mafi yawan abin da zan faɗa maka daga can na koye shi.

Layin da ka zaɓa ya dace da koyo. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ya tsallako iyaka ya shigo Maradi, da reshe mai zuwa Dutse. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin, aka ƙaddamar da shi a watan Fabrairu na 2021. Faɗin dogon milimita 1,435 ne, ya bambanta da tsohon dogon Najeriya mai milimita 1,067 da ya iso Kano tun 1911, ya kuma bambanta da na mita ɗaya da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso. Layi guda ne, kuma duk wahalar da kake sha daga nan ta fito.

Fara daga kaya, jadawali ya biyo baya

Kafin ka rubuta lokacin tashin ko da jirgi ɗaya, zauna ka lissafa kayan. Hasashen da gwamnatin Najeriya ta bayar lokacin ƙaddamar da aikin shi ne kimanin tan 3,000 na kaya a rana. A ce tarago ɗaya na ɗaukar tan 60 (wannan misali ne nawa don lissafi), ka ga taragu 50 ke nan a rana. In kowane jirgi na jan taragu 25, jirage biyu kacal ne masu lodi. Ɗalibai da yawa sukan cika layi da jiragen kaya goma sha wani abu don allo ya yi armashi, alhali kayan da za su cika su babu su.

Sannan kaya ba sa tafiya daidai wa daida. Siminti, takin zamani da kwantenoni za su riƙa haurowa kusan duk shekara. Abin da mu ke turawa kudu kuwa na lokaci ne: wake, aya da riɗi bayan kaka, dabbobi kuma kasuwarsu ta fi tashi gabanin Layya. Taragon da ya kawo siminti ba lalle ya dace da raguna ba. Saboda haka rabin aikin layin na iya zama mayar da taragu babu komai a ciki, kuma su ma hanya suke ci kamar masu lodi. Manhajar da babu jiragen wofi a cikinta ta riga ta bar gaskiya tun ba a je ko'ina ba.

Ga wani lissafi da nake so ya zauna maka. Yawan taragun da ake bukata shi ne lodin rana sau kwanakin da tarago ke yi kafin ya dawo wurin lodi. Taragu 50 a rana, zagaye na kwana 4, taragu 200. In sauke kaya ko takardun duwan, wato kwastan, suka ƙara kwana ɗaya tak, sai 250. In ba ka da ƙarin hamsin ɗin, jirgin jibi ba zai tashi ba, ba don layi ya toshe ba sai don babu abin da zai ja. Don haka ka ɗaure jiragenka da juna a cikin manhajar: jirgin da zai bar Maradi ba zai tashi ba sai wanda ya kawo injinsa da taragunsa ya iso, an sauke, an yi shantin an jera taragu, an gwada birki. Gwajin birki kansa ba wasa ba ne, mutum ne zai bi jirgin da ƙafa tarago bayan tarago, kuma rabin awa ba ta yi yawa ba. Manhajoji irin su SimSig suna da wurin rubuta irin waɗannan sharuɗɗa, cewa wannan jirgi ba zai shigo ba sai bayan wancan da minti kaza. Yi amfani da su.

Nauyi da tsawo

Dogo ya fi kwalta ne saboda ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cin ƙarfi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, jan tan ɗaya na jirgi mai lodi bai wuce ƙarfin kilo biyu ko kusa da haka ba. Amma hawan da ke ɗagawa mita ɗaya a cikin mita ɗari yana ƙara kilo goma a kan kowane tan. Ɗauki jirginmu mai taragu 25, nauyinsa da kaya da komai a ce tan 2,100. A fili ƙarfin tan 4 ya ishe shi. Da ya fara wancan hawa sai ya nemi tan 25. Inji ɗaya mai ƙarfin doki 3,000 ba zai kai shi kilomita 30 a awa ba a wurin, ko da a takarda an rubuta yana iya 80. Tudun da direban kamyo ba zai ko lura da shi ba, shi ne ke yanke wa jirgin kaya hukunci. Manhajojin ƙwararru irin su OpenTrack da RailSys suna lissafa wannan da kansu in ka ba su nauyi da hawa, da tsarin lissafin da Davis ya fitar tun 1926 ko makamancinsa. Na wasa kuwa sau da yawa aji kawai suke tambaya, mai nauyi ko marar nauyi. In taka irin ta biyun ce, ka rage gudun da hannunka a wuraren hawa, kuma ka raba jirgi mai lodi da na wofi, kowa da ajinsa.

Tsayawa ma tana da tsada. Birkin jirgin kaya na iska ne: direba ya rage iskar bututu, saƙon ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya har wutsiya. Jirgi mai nauyi na iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya cik. In ya tsaya, sai an sake cika iska, sannan ya ja jiki a hankali ya koma gudunsa. Kowace tsayawa da ba ta cikin tsari mintuna take ci, ban da lokacin jiran kansa. Shi ya sa gogaggen mai ba da hanya ya fi son ya sa jirgi mai lodi ya rage gudu tun daga nesa ya iso sigina tana buɗewa, da ya bar shi ya zo da gudu ya tsaya.

Wurin kaucewa, inda jirage suka yi maka cirko-cirko

A layi guda jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar da ke da layin kaucewa, ɗaya ya ratse ya jira, ɗaya ya wuce. Duk jadawalinka a kan waɗannan wurare yake rataye. Ka daina kallon jerin lokuta a tebur, ka zana shi: lokaci a kwance, tashoshi a tsaye, kowane jirgi zare ne mai karkata. Tun ƙarni na 19 ma'aikatan dogon Faransa ke aiki da wannan zane, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ba. Duk inda zare biyu suka gitta juna, dole wurin ya zama tasha mai layin kaucewa. In suka gitta a daji, jadawalin ƙarya ne.

Yanki mafi tsawo tsakanin wuraren kaucewa biyu shi ke faɗin iyakar abin da layin zai ɗauka. A ce kilomita 30 ne, jirgi na gudun 60 a awa: minti 30, ka ƙara 5 na tashi da tsayawa da gyara hanya, 35. Ƙungiyar hukumomin dogo ta duniya, UIC, a ƙa'idarta mai lamba 406 ta ba da shawarar kada a cika layin da ke ɗaukar fasinja da kaya tare fiye da kashi 60 cikin ɗari na yini. Kashi 60 na minti 1,440 shi ne 864. Raba da 35, jirage 24 ke nan a yini, masu zuwa da masu dawowa duka. In yankin ya kai kilomita 45, sun koma 17. Ragowar kashi 40 ɗin da kake gani kamar asara, shi ne ke shanye jinkiri. Ina kyautata zaton ka cike shi, shi ya sa makarar jirgi ɗaya ta bi ta kan kowa.

Akwai kuma cimmawa ta baya. A ce na fasinja na gudun 120, na kaya 60. Ka saki na kaya daga Kano, bayan rabin awa ka saki na fasinja. A kilomita na 60 zai taka masa wutsiya. Dole tun kafin nan na kaya ya ratse, ya tsaya, ya jira, ya sake tashi. Tafiyar da lissafin gudu ya ce ba ta kai awa biyar ba, da irin wannan take zama bakwai ko takwas. Kada wannan ya ba ka mamaki. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana a rahotonta na 2016 cewa a hanyoyi da yawa masu tsallaka ƙasashe, matsakaicin gudun jirgin kaya kimanin kilomita 18 ne a awa in aka haɗa da duk tsaye-tsaye. Turai ke nan, mai layuka bibbiyu da lantarki.

Kiki-kakar da ka gani kuwa dokarta ɗaya ce, kuma ita aka fara koya mini: ba a sakin jirgi ya shiga yanki sai an san inda za a ajiye shi a gaba. Tasha mai layi biyu, ka cika su da jirage biyu masu fuskantar arewa, tasha ta gaba ka cika ta da biyu masu fuskantar kudu, to an gama, sai dai wani ya ja da baya. Sigina ba za ta hana ka wannan ba, aikinta hana karo ne kawai. Kafin ka ba da hanya, dubi tasha biyu ko uku a gaba, ka ƙirga layukan da ke wofi da jiragen da ke tunkarar su. Kuma ka shigar da tsawon kowane jirgi da tsawon kowane layin kaucewa. Jirgi mai mita 700 ba ya ɓuya a layi mai mita 600, wutsiyarsa na kan hanya. A Amurka, da kamfanoni suka tsawaita jiragensu suka wuce layukan kaucewa, sai ya zama na fasinja ne ke ratsewa yana jiran na kaya, duk da doka ta ba shi fifiko.

A kan fifiko ina da ra'ayi. Manhaja za ta so ka ba kowane jirgi lamba, babba ya wuce ƙarami ya jira. Fara da haka, amma kada ka tsaya nan. Sau da yawa riƙe na fasinja minti uku yana ceton minti arba'in na jirgin kaya. In mai lodi da na wofi za su haɗu a gindin tudu, na wofi ake ratsarwa. Jirgin dabbobi a zafin Afrilu ya fi na siminti gaggawa, ko mene ne lambarsu. Kuma direban da awoyinsa suka kusa cika a ba shi hanya ya kai tashar canji, don in suka cika masa a daji jirgin ya zauna ke nan har a kawo wani da mota. A Amurka iyakar awa 12 ce. Sa irin wannan iyaka a naka.

Gurbi daban, jirgi daban

Yanzu ga zuciyar amsar. Hanya biyu ake tafiyar da jirgin kaya. Ta farko irin ta motar haya a tasha ce, ba ta tashi sai ta cika: a tara taragu har nauyi ya kai, sannan a nemi hanya. Ta biyu ita ce a tsayar da lokaci, jirgi ya tashi da abin da ya samu, wadda Hunter Harrison ya yi suna da ita a kamfanonin Kanada da Amurka. Ta farko tana tattalin mai da inji amma tana wahal da mai ba da hanya da mai kaya. Ta biyu tana sauƙaƙa tsari, amma wata rana za ka ja taragu goma da injin da zai iya talatin.

Abin da na ga ya fi aiki, kuma shi nake ba ka shawara, yana tsakani. Ka zana gurabe a jadawali, wato zaren da aka tanada da wuraren haɗuwarsa duka, fiye da yawan jiragen da kake da su. In jirage biyu ne a rana kowace fuska, zana gurbi huɗu. Gurbin ba ya motsi. Jirgin ne ke zuwa ya hau wanda ya samu: in ya shirya da wuri ya kama na farko, in ya makara ya jira na gaba. A Ingila jadawalin ma'aikata na ɗauke da gurabe masu alamar Q, ma'ana sai an bukata ake bin su, kuma da yawa sukan wuce babu jirgi. Da wannan tsari makarar jirgi ɗaya ba ta rusa na saura, domin ya bar wurinsa ne ya koma wani da aka riga aka share masa.

Sai yadda za ka zuba jinkirin. Kada ka ba kowane jirgi minti ashirin daidai, kuma kada ka watsa shi ko'ina a hanya. Mafi yawansa a wurin tashi ake haifarsa. A abin da na gani, yawancin jirage sukan makara kaɗan, ƴan kaɗan su makara da awoyi, wasu su shirya kafin lokaci, wasu a soke su, wata rana kuma a ce ga ƙarin jirgi da ba ya cikin tsari. Wanda ya zo da wuri ma matsala ne, don yana neman layin da ba a tanadar masa ba. Ka tuna kuma jirgin da zai shigo maka daga kudu, ranar da aka haɗe sassan sabon dogon daga Legas zuwa Kano, ya riga ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. Jinkirin da ya kwaso a can da shi zai shigo, don haka nasa ya fi na wanda aka loda a Kano faɗi.

Ƙara da abin da ƙasarmu ke da shi. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ƙarfen dogo ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma akan rage gudu da rana don gudun kada ya lanƙwashe. A Yuli da Agusta ruwa na iya cin gefen hanya a kwari da bakin gulbi. Ga garken shanu a burtali. Ga ma'aikatan gyara da ke bukatar a rufe musu yanki na wasu awoyi. Yi wa kowane yanayi nasa jadawalin gwaji, na rani daban na damina daban.

Iyaka

Tsakanin Jibiya da Ɗan Isa akwai abin da babu manhajar da ta zo da shi a shirye. Kwastan a can, duwan a nan, kowa da takardunsa, kuma a iyakoki da dama har direba ko inji akan canza. Sa shi a matsayin tsayawa mai ƙaramin lokaci da babban lokaci, da awoyin da ofis ke buɗe. Jirgin da ya iso bayan an tashi aiki ya kwana, kuma yana kwana ne a kan layi, ya cinye maka wurin kaucewa ɗaya har safe. Gwada ka gani: yawan layukan ajiya a tashar iyaka na iya fin gudun inji tasiri a kan abin da layin zai ɗauka. Sa'a ɗaya da muka yi ita ce agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne, kuma faɗin dogon bai canza ba, ba kamar hanyar Kwatano ba inda dogo ya ƙare a Paraku sai a juye kaya cikin kamyo. Mu mutanen Maradi mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun sake gani a 2023. Yana da kyau ka gwada ranar buɗewa bayan rufewa, lokacin da kaya suka taru kowa na son tashi yau.

Inda manhaja ta tsaya

Lambobin da na yi misali da su, nauyin tarago da gudu da nisan tashoshi, na koyarwa ne. In jadawalin ma'aikata da taswirar hawa da gangara ta layin suka zo hannunka, cire nawa ka sa nasu, sakamakon zai canza. Sannan manhajar wasa ana yin ta ne don horar da hannu da ido, kada ka ɗauki abin da ta fitar ka kai wa mai zuba jari a matsayin hujja. Ko ta ƙwararru ba ta jin muryar direba a rediyo ta gane ya gaji, ba ta san ɗan kasuwar da ya kira ya ce a jira taragonsa ba. Wannan sai zama kusa da masu aikin, kuma in ka samu damar zuwa horo a layin Abuja zuwa Kaduna ko na Abijan zuwa Wagadugu, kada ka bari ta wuce ka.

Ga yadda za ka auna aikinka. Kada ka yi hukunci da yini ɗaya, gudanar da wata guda na kwaikwayo, kowace rana da jinkirinta daban. Ga kowane jirgin kaya rubuta lokacin da ya yi yana tafiya da lokacin da ya yi a tsaye, da inda ya tsaya da dalili. In tsayuwar ta yi kusa da sifili, har yanzu jiragen fasinja kake gudanarwa. In jinkirin Litinin bai gushe ba har Laraba, layin ya cika, rage jirage ko ka ƙara wurin kaucewa a yanki mafi tsawo ka sake gwadawa. Fara da jirgin kaya biyu da na fasinja biyu kowace fuska, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har ka ga inda ya fara karyewa, sannan ka turo mini zanen mu duba shi tare. Allah ya ba da sa'ar karatu.